Cike fadamar bayan gida a Massachusetts: me ya sa sai da izinin kwamitin gari?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Massachusetts ta Amurka ya turo tambaya. Ya sayi gida a wani ƙaramin gari, bayan gidan kuma akwai kwari mai danshi da ke tara ruwa idan ƙanƙara ta narke a watannin Maris da Afrilu, ya bushe ƙayau a watan Agusta. Yana so ya kawo tifofin ƙasa ya cike wurin don yara su samu filin wasa, ya kuma kafa ɗan ɗakin ajiya. Ɗan kwangilar da ya kira ya ce ba zai taɓa wurin ba sai an samo izinin kwamitin kare muhalli na garin. Tambayarsa ita ce: su wane ne waɗannan mutane, da wane hurumi za su hana shi aiki a filin da ya saya da kuɗinsa, alhali maƙwabcinsa ya yi irin wannan aiki ba wanda ya ce masa uffan?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗan kwangilar nan ya yi maka gata, ka riƙe shi da kyau. Da ya zubo ƙasar nan, kai doka za ta fara nema a matsayinka na mai fili, kuma kuɗin kwashe ƙasar da maido da wurin yadda yake ya fi kuɗin zuba ta nesa ba kusa ba.

Kwamitin da ake maganar ba daga Washington yake ba, ba kuma daga Boston, babban birnin jihar, ba. Mutanen garinku ne. A shekarar 1957 majalisar jihar ta yi dokar da ta bai wa kowane gari damar kafa irin wannan kwamiti, yau kuma duka garuruwa da birane 351 na jihar suna da shi. Mambobinsa daga uku ne zuwa bakwai, shugabannin gari ne ke naɗa su, akasarinsu kuma aikin sa kai suke yi, ba albashi. Za ka tarar da injiniya da ya yi ritaya, da malamar makaranta, da lauya, da manomi, suna zama da yamma bayan sun tashi daga aikinsu. Garuruwa da yawa sun ɗauki ma'aikaci ƙwararre da ke zaune a ofis, shi ke zuwa duba fili, shi ke karɓar takardu. Shi ne mutumin da ya kamata ka fara nema.

Ƙarfin da kwamitin yake da shi kuwa ya fito ne daga dokar kare dausayi ta jihar. A 1963 aka fara da dokar da ta kare fadamun bakin teku, a 1965 aka ƙara wadda ta kare na cikin ƙasa, a 1972 aka haɗe su wuri ɗaya. Hukumar kare muhalli ta jihar, wato MassDEP, ita ke rubuta ƙa'idojin aiki, amma wanda ke yanke hukuncin farko a kan filinka kwamitin garinku ne. Dokar ta ambaci abubuwa takwas da take karewa: ruwan sha na jama'a da na rijiyoyin gidaje, ruwan ƙarƙashin ƙasa, daƙile ambaliya, rage ɓarnar guguwa, hana gurɓata ruwa, wuraren da halittun ruwa masu ɓawo ke rayuwa, kamun kifi, da mazaunin namun daji. Ka riƙe waɗannan takwas ɗin, don a ƙarƙashin dokar jiha su ne iyakar abin da kwamiti zai auna aikinka da shi. Ba ruwansa da ko ɗakin ajiyarka zai yi kyau, ko zai tare wa maƙwabci rana. Waɗancan batutuwan wasu ofisoshin gari ne ke duba su.

Kafin mu shiga takardu, ina so ka ga dalilin abin, domin wanda ya gane dalilin shi ne yake saurin samun izini. Kwarin nan na bayan gidanka aiki yake yi, kuma a 'yan makonnin da ya fi ba ka haushi ne yake yin sa. Ruwan da ya kwanta a cikinsa ruwa ne da bai gangara ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani ba, bai cika kwalbatin titi ba, bai isa rafi a lokaci ɗaya da sauran ruwan unguwa ba. Idan ka jefa dutse a cikin kwano cike da ruwa, ruwan ba ɓacewa yake yi ba, zuba yake yi ta gefe. Tifa goma ta ƙasa a cikin kwari ma haka take, sai dai gefen da ruwan zai zuba gidan wani ne, wani lokacin ma naka. Ban da haka, ruwan da ya zauna a fadama yana sauke lakarsa, ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna cinye wani kaso na takin da ya wanko daga ciyawar gidaje, sauran ya tsatsa a hankali ya koma ƙarƙashin ƙasa inda rijiyoyi ke sha.

Jihar da kake zaune tana da hujja babba a kan wannan. Bayan ambaliyar da guguwar Diane ta haddasa a 1955, injiniyoyin sojan Amurka sun yi nazarin kogin Charles, wanda ke ratsawa ta Boston. Sun lura cewa fadamun da ke sama da tsakiyar kogin suna riƙe ruwan ambaliya kwanaki, suna sakin sa kaɗan-kaɗan. Maimakon su gina manyan madatsai a can, sai suka ba da shawarar a sayi fadamun a bar su yadda suke. Majalisar dokokin ƙasar ta amince a 1974, aka killace kimanin eka 8,000 a wurare 17. Hukumar da sana'arta gina madatsar ruwa ce ta yi lissafi ta ga barin fadama ya fi arha. Kuma wannan ya zo ne a ƙasar da ta riga ta yi asarar fiye da rabin dausayinta: jihohi 48 da ke haɗe da juna suna da kimanin eka miliyan 221 a shekarun 1780, zuwa shekarun 1980 abin da ya rage bai wuce miliyan 104 ba. Ba babban aiki ɗaya ne ya cinye su ba, cikon ɗan wannan da magudanar ɗan wancan ne suka taru.

Yanzu ga inda mutane suka fi ruɗewa. Kana cewa wurin yana bushewa a Agusta, saboda haka a ganinka ba fadama ba ce. Doka ba ruwan da ido ke gani take bi ba. Tsiro take dubawa da ƙasa. Idan rabin tsirran wurin ko fiye irin waɗanda ke son jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, kamar kachalla da jan itacen maple da gansakuka mai riƙe ruwa, kuma akwai alamar ruwa na zama, to wurin dausayi ne ko da ka taka shi takalminka bai jiƙe ba. Masani zai zo da ɗan abin haƙa, ya zaro ƙasa daga zurfin ƙafa ɗaya ko biyu. Ƙasar da ruwa ya saba kwanciya a cikinta iska ba ta shigarta, sai ƙarfen da ke cikinta ya narke ya bar ta toka-toka, da ɗigo-ɗigon tsatsa a inda iska ta ɗan leƙa. Wannan launi ba ya gogewa don an yi rani ɗaya ko an yi shekaru ana yanke ciyawa a kai. Shi ya sa ko an cike wuri an shuka ciyawa, haƙa ɗaya ke fallasa abin da ke ƙasa. Masanin zai bi iyakar yana ɗaure tutoci masu lamba, mai safiyo ya zo ya ɗora su a taswira. Daga wannan layi ake auna komai.

Dausayin da ke jingine da rafi ko tafki ko kogi shi ke da kariya mafi ƙarfi, kuma daga bakinsa zuwa ƙafa 100, wato kimanin mita 30, akwai tazarar da ake sa wa ido. Ba a hana aiki a cikin tazarar nan ba, amma sai an tambaya. Idan akwai kogi ko rafin da ba ya ƙafewa duk shekara, dokar kare koguna ta 1996 ta ƙara ƙafa 200 daga bakinsa, sai a wasu birane masu cunkoso irin su Boston da Worcester da Springfield da Lowell inda aka rage zuwa ƙafa 25. Filin da ke cikin yankin ambaliya a taswirar FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, shi ma yana da nasa sharaɗi: duk girman gurbin ruwan da ka cike, sai ka haƙa gurbi daidai da shi a tsayi ɗaya, don ruwan ya samu wurin zama. Kwarin da ba ya haɗe da kowane rafi kuwa, dokar jiha tana kama shi ne idan ruwan da yake tarawa ya kai wani adadi, amma dokar gari kan kama shi ko da ƙarami ne, musamman idan kududdufi ne da kwaɗi da 'yan uwansu ke yin ƙwai a ciki bayan narkewar ƙanƙara.

Ɗakin ajiyarka mai sauƙi ne. Ƙa'idojin jiha sun ware wasu ƙananan ayyuka da ba sa buƙatar izini a cikin tazarar, daga ciki har da mayar da filin ciyawar da aka riga aka gyara zuwa ɗakin ajiya ko dandamalin zama, muddin ya yi nisan fiye da ƙafa 50 daga bakin dausayin kuma an tare laka lokacin aiki. Sau da yawa matsar da ɗakin da ƙafa goma ko ashirin kawai yana raba mutum da duk wata wahala. Amma kada ka yanke wa kanka wannan hukunci, don ba kowane gari ne ya yarda da wannan sassauci ba.

Dalili shi ne garuruwa suna da ikon yin tasu dokar da ta fi ta jiha tsanani. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da haka a 1979 a shari'ar Lovequist da kwamitin garin Dennis, kuma yau fiye da rabin garuruwan jihar suna da irin wannan doka. A wasu za ka ga an ce ƙafa 25 na farko daga bakin dausayi ba a taɓa su ko kaɗan, ko sare reshe, a wasu kuma ƙafa 50 ba a gini. Saboda haka abin da abokinka na wani gari ya gaya maka zai iya zama gaskiya a garinsa, ya zama laifi a naka. Haka nan kada wani ya ruɗe ka da hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2023 a shari'ar Sackett. Gaskiya ne hukuncin ya taƙaita dausayin da dokar tsabtar ruwa ta tarayya ta 1972 ke karewa, ya bar waɗanda ruwansu ke haɗe kai tsaye da manyan ruwaye. Amma bai taɓa dokar jiha ba, bai taɓa ta gari ba, kuma su ne ke gabanka.

Hanyoyin neman izini biyu ne a aikace. Ta farko ƙarama ce: takardar tambaya da suke kira RDA, inda kake cewa ga aikina, ga inda yake, ku faɗa mini ko doka ta shafe shi. Kwamiti yana da kwana 21 ya ba da amsa. Ga shinge ko ɗakin ajiya ko sare 'yan itatuwa masu haɗari, yawanci a nan maganar ke ƙarewa, su ce je ka yi, tare da 'yan sharuɗɗa. Ta biyu ita ce cikakkiyar sanarwar aiki, NOI. Wannan tana buƙatar taswirar da injiniya ko mai safiyo ya buga wa hatimi, da kuɗin rajista da ake rabawa tsakanin gari da jiha, da sanar da maƙwabtan da ke cikin ƙafa 100 daga iyakar filinka a rubuce, da buga sanarwa a jarida aƙalla kwanakin aiki biyar kafin zama. Dole a buɗe zaman sauraron jama'a cikin kwana 21 da karɓar takardunka, a kuma fitar da hukunci cikin kwana 21 da rufe zaman. Hukuncin takardar sharuɗɗa ce mai aiki na shekara uku.

A zaman, tambayoyin da za su yi maka ba su da yawa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Me ya sa sai a nan, babu wani gefen fili da zai yi? Ina ruwan rufin zai tafi? A ina za a tara ƙasar da aka haƙo, kuma me zai hana ruwan sama ya wanke ta zuwa fadama? Itatuwa nawa za a sare, me za a dasa a madadinsu? Wanda ya zo da amsoshin nan a kan taswira, zamansa gajere ne. Wanda ya zo da zanen da ya riga ya biya kuɗinsa ya kafe a kai, shi ne ake ta ɗage wa zama wata bayan wata. Tun ran gini ran zane: ka je wurin ma'aikacin kwamiti tun kafin ka sa a zana komai, ka roƙe shi ya zo ya taka filin tare da kai. A garuruwa da yawa wannan ziyarar kyauta ce, kuma rabin awa da shi zai nuna maka inda za ka tsaya.

Batun cike kwarin kansa, shawarata ka cire shi daga ranka idan ya tabbata dausayi ne. Ƙa'ida ta bai wa kwamiti damar yarda a cike har murabba'in ƙafa 5,000 na dausayin da ke jingine da ruwa, amma dama ce aka ba shi, ba tilas aka yi masa ba, kuma da sharaɗin a ƙirƙiri sabon dausayi mai girma ɗaya a kusa, a tsayi ɗaya, wanda kashi 75 cikin ɗari nasa zai rufu da tsirran fadama na asalin yankin cikin daminar tsiro biyu. Ana ba da wannan izini ne galibi idan babu makawa, misali hanyar mota ce tilo da za ta kai mutum busasshen ɓangaren filinsa. Faɗaɗa filin wasa ba ya cikin abubuwan da babu makawa. Kuma ni kaina ban cika yarda da dausayin da aka ƙirƙira ba. Kuskuren 'yan inci a zurfin haƙa ya isa ya mayar da wurin ko dai tafki ko busasshen rami, ciyayi baƙi masu mamaya su rufe shi. Ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana haɗuwa ba a yin ta da katafila a mako guda.

Sai maganar maƙwabcinka. Wataƙila ya samu izini ba ka sani ba, takardun a buɗe suke a ofishin gari ga duk mai son gani. Wataƙila kuma bai samu ba, ba a gano shi ba tukuna. Hotunan sama na shekaru daban-daban suna nan, kuma da su ake kwatanta yadda wuri yake da da yadda ya koma. Wanda aka kama, kwamiti na iya ba shi umarnin dakatar da aiki da maido da wurin, dokar kuma ta tanadi tara har dala 25,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, kowace rana da laifin ya ci gaba ana iya ƙirga ta daban. A aikace ba tarar ce ke karya mutane ba, kuɗin kwashe ciko da dasa tsirrai da biyan masanin da zai riƙa duba wurin shekaru ne. Akwai kuma abin da ya shafe ka kai tsaye tunda sabon saye ka yi: wanda ya sayi filin da aka yi aikin da ya saɓa wa dokar a kansa, ana iya tilasta masa gyarawa, idan an ɗauki mataki cikin shekara uku da yin rajistar takardar mallakarsa. Don haka ka tambayi ofis ko akwai wani tsohon fayil a kan adireshinka, ka kuma duba a ofishin rajistar filaye ko akwai takardar sharuɗɗa da mai gidan na baya ya bari ba a rufe ba.

Tsarin yana da nasa nauyin, kuma a kan ƙaramin mai gida ya fi faɗawa. Kamfanin gine-gine yana da injiniya da lauya a hannu, kai kuwa sai ka biya masanin dausayi, ka biya mai safiyo, wani lokacin ma kwamiti ya ɗauko nasa masanin ya duba aikin naka, kuɗin kuma daga aljihunka. Kwamitoci ma ba ɗaya suke ba: wani ya san ƙa'ida ciki da bai, wani yana koyo ne a kan aikinka. Duk da haka na fi son hukunci ya fito daga mutanen da suka san wace hanya ce ke cika da ruwa duk Afrilu, waɗanda za ka iya tsayawa gabansu ka yi magana, a kan ya fito daga ofishin da bai taɓa ganin filin ba. Kuma doka ba ta bar ka a hannunsu kaɗai ba. Idan hukuncin ya fito ƙarƙashin dokar jiha kuma ba ka gamsu ba, kana da kwanakin aiki goma ka ɗaukaka ƙara zuwa MassDEP, wadda za ta aiko nata jami'in ta fitar da hukuncin da zai maye gurbin na gari. Maƙwabci ma yana da wannan dama, haka mutum goma mazauna garin idan suka haɗu. Ɓangaren da ya fito ƙarƙashin dokar gari kuwa kotu ake kai shi, cikin kwana 60. Wa'adin kwana 21 ɗin nan ma kwamiti yake ɗaurewa: a 2007, a wata shari'a da ta shafi garin Harwich, kotun ƙolin jihar ta ce kwamitin da ya makara wajen fitar da hukunci ya rasa damar amfani da dokar garinsa a kan wannan aikin.

Idan ka samu takardar sharuɗɗa, kada ka kira katafila washegari. Ka jira kwanakin ɗaukaka ƙara su wuce, ka kai takardar ofishin rajistar filaye a liƙa ta da takardar mallakarka, ka kafa allon da ke ɗauke da lambar fayil a bakin fili, a kafa shingen tare laka, ma'aikacin kwamiti ya zo ya gani kafin a soma haƙa. Ka bai wa ɗan kwangila kwafi ya ajiye a wurin aiki, ku karanta sharuɗɗan tare, don direban da bai san inda layi yake ba zai iya ɓata komai da juyi ɗaya. Wannan izini kuma ba ya maye gurbin izinin gini daga sufeton gine-gine, ko na hukumar lafiya ta gari idan aikin ya kusanci ramin ruwan bayan gida. In an gama, ka nemi takardar shaidar kammalawa, ita ma ka yi mata rajista. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, sai ranar da za su sayar da gida lauyan mai saye ya gano fayil a buɗe, ciniki ya tsaya har sai an rufe shi.

Ka kuma yi la'akari da lokaci. Kwamitoci da yawa ba sa tabbatar da iyakar dausayi idan ƙanƙara ta rufe ƙasa ko ƙasar ta daskare, don ba a ganin tsiro, ba a iya haƙa. Idan kana son aiki ya tashi a watan Yuni, ka sa a kafa tutocin tun a kaka ko da zarar ƙasa ta saki a Afrilu, ka shigar da takardu nan da nan. Allah ya sa albarka a gidan, ya raya yaran.